Daga Coventry Zuwa Tudun Hatsi: Wa Ya Kammala Ƙirar Keke?

Mafi yawan littattafan da aka rubuta a kan tarihin keke sukan rufe babin ƙira tun kafin shekarar 1900. A ganin marubutansu, daga ranar da aka sami keke mai tayoyi biyu masu girma ɗaya, da sarƙa mai juya tayar baya, da roba mai iska, magana ta ƙare. Abin da ya biyo baya kwalliya ce da tsere da ciniki. Ƙasashe irin namu, in ma an ambace su, sai a shafin da ake lissafa inda kamfanonin Ingila suka sayar da hajarsu. Wannan maƙala tana jayayya da wannan hukunci, kuma hujjarta tana nan a titunan Gombe, a jikin baƙin keken nan mai birkin ƙarfe da kariya, wanda ake gani ɗauke da buhun masara a bakin kasuwar Tudun Hatsi ko da jarkokin ruwa a lungunan Bolari. Matsalolin da suka hana maƙeran Paris da Coventry barci tsakanin 1860 da 1890 su ne manomin ƙasar Akko da mai gyaran keke na Jekadafari suka sake zama a kansu, suka ba su amsa irin tasu. Amma ba za a ga haka ba sai an fara sanin matsalolin.

Keke ya fara ne ba feda. Ranar 12 ga Yuni 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya fito daga garin Mannheim a kan wani katako mai tayoyi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, yana tura ƙasa da tafin ƙafarsa, ya yi tafiyar kimanin kilomita 14, zuwa da dawowa, cikin awa guda ko kusa da haka. Wasu masana sun danganta ƙoƙarin nasa da yunwar da ta biyo bayan aman wutar dutsen Tambora na Indonesiya a 1815, lokacin da amfanin gona ya lalace a Turai, abincin dawaki ya yi tsada. Ba kowa ne ya yarda da wannan ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne abin da Drais ya gano: tayoyi biyu a jere ba sa faɗuwa muddin suna tafiya, kuma ana iya karkata ta gaba. Samarin Landan da Paris sun yi yayin abin na ɗan lokaci, hukumomi suka hana hawansa a inda masu tafiya a ƙasa ke bi, daga nan ya kwanta kusan shekara 40.

Feda ta zo ne a Paris a farkon shekarun 1860, kuma har yau ana taƙaddama a kan wanda ya fara liƙa ta. Wasu sun ce Pierre Michaux ne, maƙerin da ke yin ƙarafan keken doki, ko ɗansa Ernest. Wasu sun ce Pierre Lallement ne, wani saurayi bakanike da ya yi ƙaura zuwa Amurka ya karɓi takardar mallakar fasahar a watan Nuwamba 1866. David Herlihy, a littafinsa na tarihin keke da ya fito a 2004, nan ya karkata. Kuɗin da ya mayar da abin masana'anta kuwa na 'yan gidan Olivier ne, 'ya'yan wani attajiri na Lyon, waɗanda biyu daga cikinsu suka hau irin wannan keke daga Paris zuwa Avignon a 1865. Mutanen Scotland suna da nasu gwanin, Kirkpatrick Macmillan, da suke cewa ya riga kowa tun 1839, sai dai shaidar da ake kawowa ba ta gamsar da masana da yawa ba. Wannan rigima ba ita ce damuwarmu ba. Ta dai nuna mana abu guda da za mu buƙata nan gaba: babu farfesa ko ɗaya a cikin mutanen nan.

Damuwarmu ita ce inda aka ɗaura fedar. An ɗaura ta ne kai tsaye a cibiyar tayar gaba, kamar yadda ake gani a ƙananan kekuna masu taya uku da ake saya wa yara. Daga wannan shawara guda matsaloli uku suka fito. Ta farko, juyi ɗaya na feda juyi ɗaya ne na taya, ba ƙari ba ragi. Tayar gaba mai faɗin inci 36 ba ta wuce tafiyar mita 3 a kowane juyi, don haka mai son sauri sai ya yi ta murza ƙafa kamar zai tashi sama. Ta biyu, tayar da ake takawa ita ce kuma ake karkatawa, saboda haka duk takawa sai ta fizgi kan keken dama ko hagu, mahayi na kokawa da hannu yana kokawa da ƙafa. Ta uku, tayoyin katako ne da aka yi wa ɗamarar ƙarfe, titunan kuwa na dutse ne, duk wani rami da tudu sai ƙashin bayan mahayi ya ji shi. Duk da haka abin ya karɓu. A Nuwamba 1869 aka yi tsere daga Paris zuwa Rouen, kilomita 123, wani Bature ɗan Ingila mazaunin Faransa, James Moore, ya zo na ɗaya bayan fiye da awa 10 a kan sirdi.

Yaƙin Faransa da Jamus na 1870 ya karya masana'antar Paris, sai ragamar ta koma Coventry ta Ingila. Garin yana cike da gwanayen gyaran agogo da masaƙa waɗanda kasuwarsu ta faɗi, ga kuma kamfanin keken ɗinki inda James Starley ke aiki. A ƙarshen 1868 wani wakilin kamfanin, Rowley Turner, ya kawo keken Paris guda ya ce a kwaikwaya. Starley da abokan aikinsa suka tunkari matsalar farko ta hanya mafi kusa: in juyi ɗaya na feda juyi ɗaya ne na taya, to a ƙara wa tayar girma. Abin da ya ba da damar haka shi ne sauya katako da siraran wayoyin ƙarfe da ake ɗaurewa tamau, dabarar da Eugène Meyer ya yi rajistarta a Paris a 1869, Starley kuma ya inganta ta a 1874 da ya riƙa gicciya wayoyin don su jure murɗawar feda. Taya ta yi sauƙin nauyi, ta yi ta girma, daga inci 48 zuwa 52, har 60 ga dogon mutum. Iyakarta tsawon ƙafar mahayi. Ta baya kuwa ta ƙanƙance don a rage nauyi. Wannan shi ne dogon keken da ake gani a tsofaffin hotuna, mutum a can sama kamar mai leƙen katanga.

Kada mai karatu ya ɗauka shirme ne. Babbar taya tana haɗiye ramuka, tana da sauri, ba ta da tarkacen da zai lalace. A kan irinsa Thomas Stevens ya zagaya duniya tsakanin 1884 da 1886. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: mahayi yana zaune kusan a saman cibiyar tayar gaba, dutse kaɗan ko birki na gaggawa sai ya wuntsila ta ka. A nan ne Wiebe Bijker, masanin tarihin fasaha ɗan ƙasar Holan, ya kafa ra'ayinsa, da farko a wata maƙala da suka rubuta da Trevor Pinch a 1984, sannan a littafinsa Of Bicycles, Bakelites, and Bulbs na 1995. Ya ce dogon keke ba abu ɗaya ba ne a idon kowa. Ga samari masu kuɗi da jini a jika, haɗarin shi ne daɗin abin, don da shi ake burge 'yan mata. Ga mata da dattawa da mai son zuwa wurin aiki lafiya, na'ura ce da ba ta aiki. Wato ba injiniya kaɗai ke yanke hukuncin cewa ƙira ta yi ko ba ta yi ba. Masu hawa ne, kuma su ma ba bakinsu ɗaya ba.

Amsar da ta yi nasara ita ce raba ƙafar mutum da tayar keke. Harry Lawson ya gwada a 1879 bai samu kasuwa ba. A 1880 Hans Renold ya fito da ingantacciyar sarƙa a Manchester, sannan a 1885 John Kemp Starley, ɗan ɗan'uwan James, ya fitar da keken Rover: feda a tsakiya, sarƙa zuwa tayar baya, mahayi a ƙasa-ƙasa tsakanin tayoyi biyu. Lissafin abin yana da sauƙi, kuma ya kamata a yi shi, domin a kansa sauran maganar za ta tsaya. Ɗauki keke mai taya inci 28, babban farantin feda mai haƙora 44, ƙaramin na baya mai haƙora 18. Juyi ɗaya na feda zai juya taya kusan sau biyu da rabi, tafiyar kusan mita 5 da rabi. Kafin dogon keke ya yi haka sai tayarsa ta kai inci 68, kuma ba a haifi mai ƙafar da za ta kai feda a kanta ba. Muhimmin abu ma ba saurin ba ne. Daga ranar nan, ƙarfin keke da saurinsa sun zama abin zaɓi: a sauya ƙaramin faranti, a sami wani keke dabam.

Da feda ta bar tayar gaba, matsala ta biyu ma ta kau. Saura matsala ta uku, wadda ƙananan tayoyi suka ƙara tsananta ta, wato jijjiga. Wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya naɗa wa keken ɗansa roba mai iska, ya yi rajistarta a 1888, ko da yake daga baya an gano Robert Thomson ya riga shi tun shekarun 1840. An yi wa tayar dariya har zuwa 1889, lokacin da Willie Hume ya cinye tsere da ita a Belfast. Bijker ya lura cewa ba da hujjar laushi tayar ta ci kasuwa ba, da hujjar sauri ta ci, domin ita ce hujjar da samarin ke saurara. Nan ne kuma Afirka ta fara shiga labarin, tun kafin 'ya'yanta su hau: ƙishirwar roba ta shekarun 1890, wadda tayar keke na cikin manyan dalilanta, ita ta sa aka tatse itatuwan dazukan bayan Legas cikin 'yan shekaru, ita ce kuma ta rura ta'asar da aka yi a Kongo ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, inda aka riƙa yanke hannuwan mutane a kan harajin roba. Littafin tarihin keke da ya tsallake wannan bai cika ba.

A watan Yuli 1903 aka yi tseren Tour de France na farko. A ƙarshen wannan watan, ranar 27, aka gwabza yaƙin Burmi, kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. Wato lokacin da Turawa suka gama kama wannan ƙasa, keke ya riga ya zama yadda muka san shi. Mutanen Gombe ba su ga na katako ba, ba su ga dogon ba. Wanda ya iso musu shi ne keken ma'aikacin Ingila: gangar jiki ta bututun ƙarfe, taya inci 28, giya ɗaya, birkin sandunan ƙarfe, sirdin fata mai sifirin, murfin sarƙa, nauyi wajen kilo 20. Raleigh na Nottingham, kamfanin da Frank Bowden ya kafa a ƙarshen shekarun 1880, shi ya fi suna, sai irin su Hercules da Rudge da Phillips. Tallar Raleigh da ta shahara a Afirka ta Yamma, ta mutumin da ya tsere wa zaki a kan keke, sauri take sayarwa, hujjar dai da ta ci samarin Belfast. Masu saye a nan wani abu suka gani.

Garin Gombe kansa sa'an wannan keke ne. Masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa bayan karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tana da hedikwata ne a Gombe Abba. Turawa suka mayar da ita Nafada a 1913, sannan zuwa Doma a 1919, zamanin Sarki Umaru, inda garin yake a yau. Mary Tiffen, a littafinta The Enterprising Peasant na 1976, ta bi diddigin yadda wannan ƙaura da buɗe hanyoyi suka jawo baƙi zuwa kudancin masarautar, yadda manoma suka rungumi garmar shanu, da yadda auduga ta zama abin neman kuɗi. An buɗe injin gurzar auduga a Gombe a 1956, unguwar da ke wajen har yau sunan kamfanin da ya kafa shi take amsawa, BCGA. Jirgin ƙasa ya iso a 1963 a hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Babbar mota da jirgi suna ɗaukar kaya daga kasuwa zuwa nesa. Tsakanin gona da gida, da tsakanin ƙauye da kasuwar mako, sai kai da jaki. Wannan giɓi keke ya shiga. Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita 5 a awa. Mai keke yana ninka wannan sau biyu ko uku ba tare da ya galabaita ba, kuma keke ba ya cin dusa. Manomi ya iya noma gona mai nisa ya kwana a gida, ɗan koli ya iya cin kasuwar Kumo ya dawo ran nan.

Da fari kam keke alama ce ta matsayi, abin hawan malamin makaranta da malamin gona da ma'aikacin En'e. Ya shiga adabi, har Aliyu Namangi na Zariya ya yi masa waƙa. Ya shiga littafin haraji, kuma bai fita ba: Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 har yanzu yana lissafa ba da lasisin keke cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da kwalekwale da baro da amalanke. Masu hayar keke suka buɗe rumfuna, yaran da ba a saya wa ba suka koya da sulallansu. Raleigh ya zo ya kafa masana'anta a Kano, sannan Phoenix na Shanghai da Hero na Ludhiana ta Indiya suka shigo da irin wannan ƙira a farashi mai sauƙi. Da keke ya yi araha ya sauko daga hannun ma'aikaci zuwa hannun manomi, sai aikinsa ya sauya, kuma daga nan ne babin da nake magana a kansa ya buɗe.

Maƙerin Nottingham ya auna kekensa ne da mutum ɗaya da jakar abincinsa, a kan titi mai kwalta ko tsakuwa. Manomin Gombe ya ɗora masa buhu, ya bi da shi cikin rairayi da ƙaya. Kariyar kamfani ba ta jure wannan, sai mai walda ya cire ta ya ƙera wata da rodi, mai faɗi, mai ƙafafu da ke sauke nauyin a kan ƙarfen cibiyar taya. Nauyi ya koma baya, wayoyin tayar baya suka fara tsinkewa, sai aka nemi masu kauri. Turawan ma sun san da wannan, shi ya sa tsohon keken Ingila yake da waya 40 a baya, 32 a gaba. Ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba yakan lanƙwashe idan an faɗa rami da kaya, sai a yi masa tokara. Tsidau da ƙayar aduwa suna huda tub, sai a yanka tsohuwar taya a shimfiɗa a cikin sabuwa. Tsohon tub ɗin ma ba a yar da shi, shi ne igiyar ɗaure kaya. Idan rairayi ya yi yawa ko kayan sun wuce hankali, mahayi ya sauka ya tura, keke ya zama amalanke mai taya biyu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka zana a Coventry.

A duba batun giya. Garin Gombe a kwari yake. Mai fitowa daga wajen Tumfure gangarowa yake yi, mai komawa kuwa hawa ne, ga kwazazzabai da zaizayar ƙasa ta tsaga a tsakiyar unguwanni. Giyar da muka lissafa ɗazu, 44 da 18, ta mai sauri ce a shimfiɗaɗɗiyar hanya. In aka sa ƙaramin faranti mai haƙora 22, tafiyar kowane juyi za ta ragu zuwa kusan mita 4 da rabi, amma ƙarfin da ake buƙata a kan feda zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Mai ɗauke da buhu a kan tudu ya san wanda ya fi masa. Tambayar da James Starley ya amsa da ƙara girman taya, ɗan ɗan'uwansa ya amsa da sarƙa, ita ce mai gyara ke amsawa a gindin bishiya duk lokacin da ya tambayi mai keke, "Malam, kaya kake ɗauka ko kai kaɗai ne?"

Birkin sandar ƙarfe ma abin dubawa ne, domin Turai ta daɗe da barinsa, ana kuma kawo shi a matsayin shaidar cewa an bar mu a baya. Gaskiya ne ba ya kamawa sosai idan wili ya jiƙe, kuma yana wahalar da mai son cire tayar baya. Amma ba shi da wayar da za ta tsinke ko ƙura ta toshe, in ya lanƙwashe a miƙe shi da guduma. Wahalar cire tayar kuwa mai faci ya kauce mata: yakan zaro tub ta gefe, ya nemo hujin a cikin ruwa, ya kankare, ya shafa sholisho, ya liƙe, ba tare da ya kwance ƙusa ko ɗaya ba. Murfin sarƙa da aka yi don taɓon Ingila da ƙafar wando, a nan ƙurar hunturu yake tarewa da bakin babbar riga.

Misalin da ya fi burge ni shi ne keken guragu, wanda masu walda ke haɗawa da kayan keke don waɗanda shan inna ya nakasa. A irin wanda aka fi gani a Arewa, fedar tana sama inda kan keke yake, ana juya ta da hannu, sarƙa kuma ta sauko zuwa tayar gaba. Tayar da ake turawa ita ce ake karkatawa, wato an koma ga tsarin Michaux da Lallement da aka ce tarihi ya binne. Sai dai an koma ne da sarƙar Renold a hannu, don haka taya ba ta buƙatar girma, kuma tayoyi biyu na baya sun kawar da haɗarin faɗuwa. An ɗauko rabin amsar 1865 da rabin amsar 1885 an haɗa don jikin da babu wanda ya tuna da shi a cikin masu tseren Paris.

Mai suka zai ce duk wannan faci ne na talauci, ba ƙira ba. Ina zane, ina takardar mallaka, ina sunan wanda ya ƙirƙira? Amsa ta farko mun riga mun gan ta: Michaux maƙeri ne, James Starley da aikin lambu ya fara, Dunlop likitan dabbobi ne. Bambancinsu da mai waldan Pantami shi ne ofishin rajista da jari da jarida suna kusa da su. Amsa ta biyu tana wajen David Edgerton, wanda a littafinsa The Shock of the Old na 2006 ya ce an cika rubuta tarihin fasaha daga ranar ƙirƙira, alhali abin da ya sauya rayuwar mutane shi ne amfani da gyara, sau da yawa a ƙasashen da ba su ƙera abin ba. Sojojin Viyetnam sun kai abinci da harsasai Dien Bien Phu a 1954 a kan kekunan da aka yi wa tokara, kowanne na ɗaukar kilo 200 ko fiye, ana tura su a ƙasa. Masu keken haya na Busia, a iyakar Uganda da Kenya, sun mayar da kariya kujerar fasinja. Da ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta tashi ƙera keke don ƙauyukan Afirka, abin da injiniyoyinta suka fitar, mai suna Buffalo, ƙarfe ne mai nauyi, giya ɗaya, da kariyar da ke ɗaukar kilo 100. Sun isa inda masu walda suka daɗe da isa. Saboda haka na yarda da Bijker cewa masu hawa ne ke rufe gardamar ƙira, amma ban yarda an rufe ta a shekarun 1890 ba. An rufe ta ne ga masu hawan Turai.

Akwai inda mai sukan ya yi gaskiya, kuma ba a nan ya nufa ba. Wannan basira ba ta zama masana'anta ba. 'Yan gidan Munjal da kayan gyara suka fara kafin su kafa Hero a Ludhiana a 1956, yau garin na sayar wa duniya. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright daga shagon keke suka tashi jirgin sama a 1903. Rover da Peugeot da Opel duk sun yi keke kafin sunansu ya tafi ga mota. A Gombe, bayan shekaru masu yawa ana hawa, sarƙa da boris da tub duk daga waje suke zuwa. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya ɗora ma'aikata a kan babur, acaɓa ta bunƙasa bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo 1986, baburan Sin masu araha da Keke Napep suka ƙarasa aikin, yaran da da za su gaji rumfar gyaran keke suka koma gyaran babur. Keke ya zama abin da ake jin kunyar a ga mutum a kai. Da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran a koma masa a 2001, dariya aka yi masa, balle da mota ta ture shi a Abuja yana kan keken.

Janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya yi abin da wa'azin minista bai yi ba: an kakkaɓe tsofaffin kekuna, an kuma nufi masu sayar da na gwanjo. Yawancin waɗannan na gwanjon masu giya barkatai ne da birkin waya, an ƙera su don motsa jiki a wata ƙasa. Suna da sauƙin nauyi, giyarsu kuma tana da amfani a hawan Tumfure, ɗalibi da ma'aikaci za su ji daɗinsu. Amma sarƙarsu a buɗe take ga ƙura, kowanne da irin kayan gyaransa, da yawansu ba su da wurin ɗaura kariyar kirki. Ga mai buhu da jarka, baƙin keken nan bai sami magaji ba tukuna. Kuma Bijker zai gane abin da ke faruwa: rukuni biyu na masu hawa, kowanne na kallon keken ɗan'uwansa a matsayin wanda bai yi ba.

Anthony Nwabughuogu ya rubuta maƙala a 1984 a kan rawar da keke ya taka a cinikin manja a Gabashin Nijeriya tsakanin 1930 da 1945. Ƙasar auduga ta cancanci irin wannan aiki, kuma shaidunsa suna da rai, sai dai sun tsufa. Kirana ga sashen tarihi na Jami'ar Jihar Gombe da na Jami'ar Tarayya ta Kashere shi ne su tura ɗalibai wajen dattawan masu gyaran keke da tsofaffin masu haya, a naɗi bayaninsu da muryarsu. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe kuwa ta sayi keken manomi guda da keken guragu guda yadda suke, ta sa ɗalibanta su auna kowane rodi da kowace tokara, su zana, su gwada nauyin da kowanne ke ɗauka kafin ya karye, su rubuta sunan mai waldan a ƙasan zanen.